Mun Kai Ƙarar Tawada Har New Town ta Ankara

Duk wanda ya halarci bikin raba kyaututtuka na makarantarmu a nan Kumashi, wata Asabar cikin Yuli na 2024, ya ga abin kunyar da ya same mu, saboda haka babu amfanin ɓoye-ɓoye. Kyallen robar nan da muka rataya a bayan manyan baƙi, irin wanda masu sana'ar suke kira fileksi, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 5, ya fito kamar an bar 'yan aji ɗaya da gawayi babu malami. Sunan makaranta ya caɓe, fuskokin yara sun yi dabbare-dabbare, kalmar maraba kuwa ta fito sau biyu, ɗaya daidai, ɗaya a juye kamar an duba ta a madubi. Da farar safiya muka warware shi muka gani, lokacin kuwa an riga an jera kujeru, babu yadda za a yi. Haka muka rataya shi, muka zauna a ƙarƙashinsa har aka tashi.

Da kuɗin aljihunmu ne da abin ya zo da sauƙi. To, kuɗin iyayen yara ne, waɗanda yawancinsu 'yan tireda ne da masu sayar da abinci a Aboabo da Asawase, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kwamiti ya damƙa mana. Kafin mako ya zagayo magana ta fara yawo a zango cewa malamai sun kai aikin wurin mai araha sun soke canjin. Muka koma shagon da ya yi mana bugun, mai shago ya ce shi dai lafiya lau ya ba mu abinmu. Muka naɗe kyallen muka jefa bayan kabad ɗin ofis, amma maganar ba ta bar mu mun yi barci ba. Ga shi kuma makaranta tana bukatar wani sabo na ɗaukar ɗalibai kafin a koma hutu, ba mu kuwa da fuskar sake neman taro daga iyaye sai mun iya faɗa musu abin da ya ci na farko.

Ana cikin haka sai aka gayyace mu ɗaurin aure a Nima cikin Agusta. Muka tuna akwai wani tsohon ɗalibinmu da muka koyar a aji shida, yanzu yana da shagon buga irin waɗannan kyallaye a New Town. Muka cusa mai laifin cikin buhu muka tafi da shi.

Ran Juma'a da asuba muka tashi daga tashar Asafo. Hanyar sananniya ce, ba sai mun tsawaita ba: Ejisu, Konongo, Nkawkaw da duwatsun Kwahu a gefe, sannan Suhum da Nsawam. Tafiyar kamar kilomita 250 ce, amma aikin faɗaɗa hanya da ake yi a lokacin tsakanin Nsawam da Ofankor ya riƙe mu har muka rasa jam'in Juma'a. Abin da ya ɗauke mana hankali tun daga Konongo shi ne kyallayen 'yan takara, domin shekarar zaɓe ce, za a jefa ƙuri'a ran 7 ga Disamba. Kowace bishiya da kowane turken lantarki da fuskar wani tana murmushi. Mu da ke ɗauke da namu a buhu sai muka riƙa duba na mutane da idon mai jinya. Wasu tas, wasu sun koɗe, wasu kuwa ciwonsu ɗaya da namu. Muka wuce gadar Pokuase da aka buɗe a 2021, muka sauka Circle da la'asar, muka hau trotro zuwa Nima.

Ga yaranmu da suka tashi da jin Accra kawai, Ankara da muke faɗa ita ce wannan tamu ta bakin teku, haka kakanninmu fatake suke kiranta. Abin dariya, yanzu idan ka tsaya a tudun Nima kana hango hasumiyoyi huɗu na babban masallacin Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, su ma kuwa babban birninsu Ankara ne.

Ran Asabar bayan mun sha koko da ƙosai muka nufi New Town a ƙafa, don ba ta da nisa da Nima da Mamobi. Tsofaffi har yanzu Lagos Town suke ce mata, saboda mutanen Nijeriya da suka zauna a wurin tun zamanin Turawa, kafin dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta watsa da yawa daga cikinsu. Yau abin da aka san unguwar da shi shi ne ɗab'i. Daga wajen kasuwar Malam Atta har ka gangara Kokomlemle, da wuya ka yi taku ashirin ba ka ga shagon bugu ba: masu katin biki, masu kalanda, masu littafin rasit, masu takardun jana'iza na maƙwabtanmu Kirista, masu yankan takarda, masu sayar da tawada. Hanci ne yake fara sanar da kai ka iso. Wani wari ne mai kama da na tinar masu fenti, gauraye da hayaƙin janareto da ƙanshin wake da shinkafa na matan bakin titi. Yara suna ratsa motoci ɗauke da dogayen naɗin roba a kafaɗa kamar masu kai tabarmi masallaci.

Shagon ɗalibin namu ɗaki biyu ne a cikin wani lungu. Da ya gan mu ya taso da sauri ya rusuna, yaransa uku da suke ce masa Masta suka tsaya suna kallon yadda Masta yake durƙusa wa wani. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida muka zazzage buhu. Ya sa aka shimfiɗa kyallen a kan dogon tebur, ya zagaya shi sau biyu bai ce komai ba. Ya jiƙa tsumma da ruwa ya goga a gefe, babu abin da ya fita. Ya karta da farce. Ya juya bayan ya duba. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, in yi tambaya ba za a yi fushi ba?" Muka ce ya yi.

"Yaushe aka kai aikin?" Muka ce ran Juma'a da hantsi. "Yaushe aka karɓa?" Muka ce ran nan da magariba. "Wa ya zaɓi baƙin nan na bayan rubutu?" Muka ce mu ne, don mun ga rubutun zinariya ya fi fitowa a kan baƙi, har ma mun ce wa yaron kwamfuta ya ƙara masa duhu. "Da aka karɓa yaya aka ɗauko shi?" Nan fa muka fara jin zufa. Ninke shi muka yi gida takwas kamar zanen gado, fuska na kallon fuska don kada ƙura ta taɓa, muka ɗora a kujerar keken pragya muka zauna a kai har gida, ya kwana a haka ƙarƙashin kwalin littattafan kyauta. Yaran shago suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Masta ya harare su, amma shi ma gefen bakinsa yana rawa.

Ya ce gwajin ruwan da ya yi ya wanke wancan shago daga babban laifi. Akwai tawada iri-iri. Wadda ake sa wa ƙaramin injin ofis ta ruwa ce, takarda ce take shanye ta. Idan aka zuba ta a kan wannan roba, wadda ba ta shan komai, ko shekara ta yi ba za ta kama ba, hannu mai gumi ma ya isa ya share ta. Tamu ba ita ba ce. Tamu ta sinadari ce, wadda suke kira solben, ko 'yar'uwarta mai sauƙin wari da suke kira eko. Yadda take aiki shi ne, ruwan sinadarin yana ɗan narkar da fatar robar, launin ya nutse a ciki, sa'an nan sinadarin ya tashi ya bi iska, robar ta koma ta daskare da launin a jikinta. Shi ya sa idan ta kama, ruwan sama ba ya yi mata komai. Amma kafin sinadarin ya gama tashi fatar robar tana nan da taushi da danƙo, duk abin da ya danne ta zai kwashi rabonsa. Wurin da ake ruɗuwa, in ji shi, shi ne saman yana bushewa cikin 'yan mintoci, ka taɓa ka ji garau, alhali ƙarƙashi ɗanye ne. Kamar tuwon da ya yi ɓawo ne, ka luma yatsa ka ƙone.

Wannan bayani ya kai mu makarantar allo. Tawadarmu ta gida, ta baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, a saman allo take zama, ƙaro ne yake riƙe ta, an kuwa yi ta ne don a wanke gobe a sake rubutu. Duk da haka wane almajiri ne bai sha bulala ba don ya kifa allonsa a kan na wani kafin rubutu ya bushe? Muna jingina allo a rana ko kusa da wuta, mu jira. Ashe abin da muka sani muna 'yan shekara bakwai shi muka manta muna da arba'in da ɗoriya, da takardar kwalejin horon malamai a rataye a ɗaki.

Daga nan ya kai mu ɗakin ciki wurin injin. Faɗinsa ƙafa shida ne, kirar Sin, kansa yana kai da kawo a kan wata doguwar sanda yana fesa tawada ta ƙofofin da ido ba ya gani. Ya kama hannunmu ya ɗora a wurare uku. Akwai hita a baya, inda robar take shigowa, tana ɗumama ta tukuna. Akwai ta tsakiya, daidai ƙarƙashin kan injin, don ɗigon tawada ya tsaya inda ya faɗi kada ya malala cikin maƙwabcinsa. Akwai ta gaba, inda aikin yake saukowa, ita ce mai busarwa, ga kuma jerin fankoki a gabanta. Shi yakan sa biyun farko wajen digiri 40, ta gaba kuwa kusa da 50. Muka ce to me zai hana a ƙure su duka a huta? Ya ce ai nan ne sababbin shiga suke faɗawa. Zafi idan ya yi yawa robar takan kumbura ta yi tudu-tudu, kan injin ya zo a guje ya goge ta, sai ka ga dogon baƙin zane ya ratsa fuskar mutum. Wannan ma caɓewa ce, kuma ta fi tsada, domin tana iya kashe kan injin, wanda shi ne abu mafi tsada a cikin kayan da ake canjawa. Har ila yau zafin yakan busar da tawada a bakin ƙofofin ya toshe su.

Sai maganar baƙinmu. A nan ne muka ji daɗi, don darasin kashi cikin ɗari da muka sha fama da shi a aji shida ya dawo mana daga bakin wanda ya fi kowa ƙin sa. Injin launi huɗu yake haɗawa: shuɗi, ja-ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kowanne ana iya zuba shi daga sifiri har 100. Idan aka cika duka huɗun a wuri ɗaya an zuba 400 ke nan. Baƙin da kwamfuta take bayarwa idan an ɗauko shi daga hoto yakan kai wajen 300, idan kuma mai aiki ya ce a ƙara duhu, kamar yadda wani malami ya ce, sai a doshi 400. Robar ba ta da cikin da za ta ɗauki wannan. Shi nasa baƙin yakan haɗa shi da shuɗi 40, ja 30, rawaya 30, baƙi 100, jimla 200. Ya buga mana 'yan murabba'ai biyu a gefen wani aiki, ɗaya na 200 ɗaya na kusan 400, ya ce mu ja da baya taku biyar mu nuna wanda ya fi duhu. Ba mu iya ba. Bayan rabin sa'a ya ce mu danna babban yatsa a kowanne. Na farkon bai ba mu komai ba, na biyun ya bar mana shaida kamar mun fito daga rumfar zaɓe.

Akwai kuma saurin injin. Ana iya sa kan ya gama kowane layi da bi uku ko huɗu, ana iya sa shi ya bi sau shida ko takwas yana zuba kaɗan-kaɗan. Na farko yana fitar da aiki da wuri, amma tawada tana sauka da yawa a lokaci ɗaya, kuma robar tana wuce hita kafin ta ji zafi sosai. Ya ce a shekarar zaɓe, sa'ad da ɗan takara zai aiko a buga masa ɗari biyu kafin gobe, kowane shago a guje yake aiki, kuma a irin wannan layi ne namu ya faɗa. A nan ya ce wancan shago yana da nasa kason. Ya kamata su rage tawadar ko da mun nace, su rage gudu saboda duhun aikin, su kuma hana mu ɗauka a ranar, ko aƙalla su naɗe mana shi da hannunsu su yi mana kashedi. Mai sana'a da ya bar mai kuɗi ya koya masa aiki, in ji shi, shi za a zaga a ƙarshe.

Muka tambaye shi ko damina tana da hannu, don mun tuna ranar an wuni ana yayyafi. Ya ce ƙwarai. Masu ƙera injunan suna son laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, a nan kudu kuwa da damina takan haura 80. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta saurin ɗaukar komai, kamar dai yadda wanki yake kwana biyu a igiya cikin Yuni. Shi ya sa ya sa na'urar sanyaya ɗaki a wurin injin, ba don jin daɗinsa ba, don tana tsotse laima. Hunturu kuma da tasa fitinar. Aiki yana bushewa da wuri, amma ƙura tana sauka a kan robar, ga kuma irin tartsatsin nan da mutum yake ji a jikin riga idan iska ta bushe. Shi yakan janye ɗigon tawada daga hanyarsa, sai ka ga gefen haruffa ya yi hazo kamar an hura musu toka.

Wani abin da ba mu taɓa zato ba shi ne robar ma tana tsufa tun ba a buga ta ba. Zare ne a tsakiya, aka shafe shi da roba gaba da baya, aka kuma sa wa robar wani mai don ta yi laushi ta naɗu. Idan naɗin ya daɗe a ajiye, musamman a ɗaki mai rufin kwano, man yakan taso sama. Tawada idan ta sauka a kai sai ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar ruwa a kwanon da aka ci miyar man ja. Ya nuna mana wani ragowar naɗi da ya saya da araha ya yi da-na-sani. Da ka shafa za ka ji santsi. Idan ya zama dole a yi aiki da irinsa sai a goge shi da sifirit a bari ya bushe, amma shi ya fi son ya mayar. Man hannun mutum ma haka yake yi. Da ya ɗaga kyallenmu ga haske sai ga sawun yatsu huɗu a gefe, inda wani ya riƙe robar kafin ta shiga inji, wataƙila ya gama cin ƙosai ke nan. A shagonsa ba mai taɓa fuskar roba sai da safar hannu ta auduga, kuma ba a cin abinci a ɗakin ciki.

Muna cikin magana aka ɗauke wuta. Injin bai tsaya ba, don yana da batirin da yake riƙe shi na 'yan mintoci, wani yaro kuma ya ruga ya tayar da janareto. Ya ce a shekarun dumsor, wajen 2014 da 2015, lokacin yana yaron shago, sun yi asarar aiki ba kaɗan ba. Wani lokaci ƙaramin janareto yakan ja injin amma ya kasa jan hita, sai a kashe hita a ci gaba da bugu, aiki ya fito da kyan gani a jiƙe sharkaf.

Bayan shagon akwai wani ɗan fili mai rufi, buɗe ta gefe biyu, an ɗaɗɗaura wayoyi kamar na shanya. Nan ne zuciyar maganar. Duk aikin da ya fito daga inji a nan yake kwana, a rataye, ba mai taɓa wani, fanka tana kaɗa su. Ƙa'idarsa sa'a 24, mai duhu kuwa ko wanda za a lulluɓe da leda mai sheƙi sa'a 48. Ya ce tururin sinadarin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, don haka wanda aka naɗe aka kwantar ba ya samun hanyar fita. Idan wuri ya ƙure, sai a yi masa sakwan-sakwan naɗi a tsayar da shi a kan wani abu mai ramuka yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. Sai ya bushe ake ninke bakinsa a manne, a buga zobban ɗaurin igiya. Gwajinsa kuwa ba ya bukatar na'ura: ka kai hanci, idan warin yana dukan ka bai gama ba, ka danna yatsa a wuri mafi duhu ka murza.

Warin nan dai bai kwanta mana a rai ba. Mun yi sa'a uku a wurin muka fito da ciwon kai, yaran nan kuwa a ciki suke wuni, ƙaraminsu bai fi shekara goma sha shida ba. Akwai fanka mai zuƙe iska a bango, amma abin rufe hancin da muka gani rataye a ƙusa ya yi ƙura. Muka yi wa Masta faɗa irin na da, ya ce to Malam, za a gyara. Muka kuma roƙe shi abu ɗaya da ya daɗe yana damun mu: idan mutanenmu suka kawo aikin maulidi ko walima, ya ba su shawara kada a buga ayoyi a jiki. Kyallen nan ba allo ba ne da za a wanke. Idan biki ya wuce a rufin kejin kaji yake ƙarewa, ko a ƙarƙashin tumatir a kasuwa.

Muna yara a Kumashi, masu fenti ne suke wannan aiki da buroshi, a kan katako ko farin yadi, har da hotunan finafinai da ake zanawa a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990. Ka kai aiki, mai fenti ya ce ka dawo bayan mako, ba ka kuwa isa ka yi gardama ba, don da idonka kake ganin fentin a jiƙe. Inji ya zo ya rage mako ya koma rabin sa'a, sai muka ɗauka har bushewar ma ya ɗauke mana. Sauri ya haifi nawa.

Aka zauna aka tsara sabon kyallenmu. Muka sake neman baƙi, don hali zanen dutse, Masta ya ce a'a. Aka yi farin fili da rubutu kore, aka bar duhu a siririn layi sama da ƙasa. Muka duba rubutun sau uku, muka sa aka gyara ƙ da ɗ da kwamfutar ta mayar k da d. Ya sa bi shida, aikin ya ɗauki kusan minti 30 yana saukowa a hankali. Aka kai shi baya aka rataya. Muka ce ko za mu iya biyowa gobe bayan ɗaurin aure? Ya ce, "Malam, Litinin." Muka ce motar safe muke so mu bi. Ya ce, "To a bi ta rana."

Ran Litinin da hantsi muka dawo. Ya sa muka shinshina, muka murza da yatsa. Sannan ya ɗauko bututun kwali na tsohon naɗi, ya naɗe kyallen a kai, fuskar rubutu tana waje, bai matse ba, ya rufe da takarda ya ɗaure bakin biyu. Ya ce kada a ninke, kada a ɗora masa kaya, kada a bar shi a rana cikin mota, idan mun isa a warware shi. Ya ƙi karɓar kuɗin aiki, sai da muka yi da gaske ya karɓi na roba, muka sa ya rubuta rasit saboda kwamiti. A tasha yaron mota ya so ya cusa shi ƙarƙashin buhunan kaya, muka ƙi. Haka muka zo Kumashi da shi a tsaye tsakanin gwiwoyinmu, wata baiwar Allah da ke kusa da mu tana ta tambaya ko taswira ce.

A taron kwamiti na farkon Satumba muka shimfiɗa tsoho da sabo gefe da gefe, muka faɗi yadda aka yi ba mu rage komai ba, har da zaman da muka yi a kai cikin pragya. Aka yi dariya har wata hajiya tana share hawaye. Alhaji shugaban kwamiti bai yi dariya ba. Ya tashi ya lashi babban yatsansa ya murza a kan koren rubutun, ya duba, ya sake murzawa a wani wurin. Sa'an nan ya ce a rubuta a littafin taro cewa daga yau duk aikin bugu na makaranta a kai shi saura mako guda, kuma kuɗin pragya na wancan karo Malam ne zai biya.